Daga Biron Kwansiltan Zuwa Bashin Bene: Wace Takarda Ce Ke Ɗaukar Gini?

Sanin kowa ne cewa tun ƙarshen shekarun 1980, lokacin da tsarin gyaran tattalin arziki ya tilasta wa gwamnatin Nijar tsuke bakin aljihu, ta rage ɗaukar sababbin ma'aikata, ta kuma buɗe ƙofar barin aiki da son rai ga mai so, wata sana'a ta kunno kai wadda kakanni ba su san sunanta ba, wato aikin kwansiltan. Kafin a ce kwabo ta zama mafarkin duk wani ma'aikaci mai faransanci da ɗan lissafi a kansa: ya bar teburinsa na ma'aikatar minista, ya samu gurbi cikin wani foroje, ya shiga kat-kat yana zagaya ƙauyuka yana karɓar pardiyam, daga nan in ƙafa ta kama ƙasa ya buɗe kabine nasa, ya kafa allo a bakin ƙofa. Shekarun da albashi kan yi watanni bai fito ba, da karyewar darajar Sefa da rabi a watan Janairu na 1994, sun ƙara wa mafarkin nan ƙarfi, domin mai aikin foroje ana biyansa kan lokaci, kuma kuɗinsa daga waje suke zuwa.

Kasuwar nan ta ja baya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Faransa da Tarayyar Turai sun dakatar da tallafin da suke zubawa cikin kasafin kuɗin ƙasa. A 2025 Amurka ta rufe hukumarta ta USAID, wadda ta daɗe tana raba kwangilolin bincike a faɗin Afirka. A wannan shekara ce kuma babban kamfanin PwC ya raba gari da rassansa na ƙasashe tara na nahiyar, har da Senegal da Kodebuwa da Kamaru. Da ruwan ya ƙafe a wannan tafki, sai idanu suka koma wani, wato gine-ginen kasuwanci da bashin da ake ci don a yi su. Duk wanda ya ga Yamai gabanin taron ƙolin Tarayyar Afirka na watan Yuli 2019, ya ga otal-otal na Radisson Blu da Bravia da Noom sun tashi kusan lokaci guda, ya ga kamfanin Summa na Turkiyya ya sabunta filin jirgin sama na Diori Hamani da kuɗinsa bisa sharaɗin ya tafiyar da shi shekara 30, ya san cewa bayan kowane bene akwai wanda ya zauna ya yi lissafin yadda kuɗin za su dawo. A Maraɗi da Damagaram da Tawa da Birnin Ƙonni ma, jerin shaguna da magaza da gidajen biro suna ta fitowa a bakin manyan hanyoyi.

Shi ya sa tambaya ɗaya ke yawo tsakanin ma'aikata da masu kabine da iyayen da ke biyan kuɗin karatun ƴaƴansu: wace difloma ce ke shigar da mutum wannan fage? Amsar da ta fi kusa da gaskiya ita ce, difloma tana kai mutum bakin ƙofar banki, amma abin da banki ke biya albashi dominsa shi ne mutumin da zai iya duban gini ya faɗi ko hayarsa za ta biya bashinsa, ya sa hannu a kan maganarsa, ya kuma tsaya nan har ranar da gaskiya za ta fito.

Rahoto yana ƙarewa, bashi yana nan

A nan ne sana'o'in biyu suka rabu. Kwansiltan ana ba shi aiki na kwana 45 ko wata uku, ya yi tambayoyi, ya rubuta rahoto, a shirya taron tabbatarwa a wani otal, a yi tafi, a biya shi sauran kuɗinsa. In shawararsa ba ta yi aiki ba bayan shekara biyar, da wuya a tuna sunansa, domin shi kansa forojen ya riga ya naɗe tabarmarsa. Mai binciken dosiyen bashin gini kuwa, sa hannunsa yana cikin durowar banki shekara bakwai ko goma. Ranar da mai bashi ya kasa biya wata uku a jere, dosiyen nan za a ciro, a duba wa ya ce shagunan za su cika da ƴan haya, wa ya ce takardar filin ba ta da aibi, wa ya ƙiyasta darajar ginin. Sama da daraktan bankin kuma akwai hukumar sa ido kan bankuna ta ƙasashen UMOA, mai mazauni a Abijan, wadda aka kafa a 1990, kuma masu bincikenta ba su san ɗan wane ba.

Shekarar 1990 ɗin nan ba baƙuwa ba ce ga ƴan Nijar. Ita ce shekarar da bankin BDRN, wanda ya ɗauki tattalin arzikin ƙasa a kafaɗa tun farkon samun mulkin kai, ya durƙushe saboda basussukan da aka bayar ba su dawo ba, aka kafa Sonibank a kan abin da ya rage mai lafiya. Masu ajiya da yawa sun sha jira kafin su ga kuɗinsu. Ba a ƙasashe matalauta kaɗai abin ke faruwa ba: a 1992 kamfanin Olympia & York na Kanada, da ya gina unguwar biro ta Canary Wharf a birnin Landan, ya karye saboda benayen sun tashi amma ƴan haya ba su zo yadda aka zata ba, alhali yana kewaye da masu manyan takardu. Ruwa ba ya tsami banza. A wuraren biyu, an ba da kuɗi bisa suna da kyakkyawan zato, aka bar lissafin abin da zai shigo hannu a baya.

Lissafin da ke raba gardama

A ɗauki misali, don a ga irin aikin da ake magana. Wani Alhaji a Maraɗi yana da fili a bakin hanya, yana son ya gina shago 20. Fili da gini gaba ɗaya za su ci miliyan 200 na Sefa. Yana da miliyan 80 a hannu, yana neman miliyan 120 a banki, ruwa kashi 10 cikin 100, a biya cikin shekara 7. Kowane shago zai ba da haya jikka 100 a wata, wato Sefa 100.000. Lissafin Alhaji mai sauƙi ne: shago 20 sun ba da miliyan 2 a wata, miliyan 24 a shekara. Abin da banki zai riƙa karɓa a kan wannan bashi shi ma kusan miliyan 2 ne a wata, kusan miliyan 24 a shekara. Ga Alhaji ke nan haya ta biya bashi, bayan shekara 7 gini ya zama nasa ba tare da ya taɓa uwar kuɗinsa ta kasuwa ba.

Wanda ya san aikin ba zai tsaya nan ba. Zai ce da wuya shago 20 su cika wata 12 cif, kuma cikin waɗanda suka cika akwai ɗan uwan da ba a iya kora da wanda kasuwa ta juya wa baya. A cire kashi 10 cikin 100, saura miliyan 21 da jikka 600. Sannan akwai lanhon gini, da albashin gardi, da asiransi ta gobara, da gyaran rufi bayan damina, da yashe masai. A ce waɗannan sun ci miliyan 4 da jikka 600. Abin da ya rage tsantsa miliyan 17 ne, ga kuma bashi yana neman miliyan 24. Kowace shekara ke nan Alhaji zai ciro miliyan 7 daga cinikin shinkafa ko atamfa ya cike ramin. In iyaka ta rufe, kamar yadda Najeriya ta rufe tata daga watan Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ko kamar yadda takunkumin CEDEAO ya tsayar da kaya daga ƙarshen Yuli 2023 zuwa Fabrairu 2024, cinikin da ake dogaro da shi da hayar da ake jira duk tare suke faɗuwa, domin ƴan hayar ma ƴan kasuwa ne.

A al'adar masu ba da irin wannan bashi, ana so tsantsar haya ta fi abin da ake biya da kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Bisa wannan ma'auni, miliyan 17 ba za su ɗauki biyan da ya wuce miliyan 13 da jikka 600 a shekara ba, wato bashin da ginin zai iya ɗauka cikin shekara 7 bai wuce kamar miliyan 68 ba. Ko da an ja wa'adin zuwa shekara 15, biyan shekara zai sauko kusan miliyan 15 da rabi ne kawai, har yanzu tazarar ba ta isa ba. Akwai kuma lissafi na biyu, wanda ya fi ɗaci. In masu sayen gini suna son kashi 10 cikin 100 a shekara kan kuɗinsu, ginin da ke ba da tsantsar miliyan 17 darajarsa miliyan 170 ce, ko da ya ci miliyan 200 na siminti da ƙarfe. Alhaji yana ganin ya nemi kashi 60 cikin 100 na darajar gininsa, banki kuwa yana ganin an nemi kashi 70.

Me ya sa ba za a ba shi shekara 20 ba? Domin galibin kuɗin da ke hannun bankunan yankin ajiya ce ta ɗan lokaci, mai ita yana iya zuwa gobe ya ce a ba shi. Asusun CRRH-UEMOA da aka kafa a 2010, mai mazauni a Lome, yana samar wa bankuna kuɗi masu dogon wa'adi, amma don bashin gidajen kwana. Bankin gidaje na Nijar, BHN, da ya buɗe ƙofa a ƙarshen 2018, shi ma an kafa shi ne da farko don muhalli. Mai gina shaguna da biro sai ya yi hakuri da gajeren wa'adi, kuma gajeren wa'adi shi ke sa biyan wata ya yi nauyi. Mutumin da ya iya zama da Alhaji ya warware masa wannan lissafi cikin harshen da yake ji, ya nuna masa ko ya gina shago 10 tukuna, ko ya ƙara nasa kuɗin, ko ya nemo ɗan haya mai ƙarfi irin reshen banki ko kamfanin waya ya sa hannu tun kafin a aza tubali, wannan mutum ya riga ya mallaki rabin sana'ar.

Takardar fili kafin takardar makaranta

Sauran rabin yana wajen doka. Ma'aikata da yawa sun mallaki filaye a farkon shekarun 2000, lokacin da gwamnati ta biya bashin albashi da fuloti, ƴan kasuwa kuma sun sayi nasu daga hannun ma'aikatar magajin gari ko daga magada. Abin da ke hannun mafi yawansu shi ne akt-da-sesiyon ko shaidar saye ta mai gari. Dokar OHADA kan jingina, wadda aka yi a 1997 aka sabunta ranar 15 ga Disamba 2010 a Lome, kuma take aiki a ƙasashe 17 har da Nijar, ƙa'idarta ita ce ginin da aka yi wa rajista a littafin filaye na gwamnati, wato mai titir-fonsiye, shi ne ake jinginarwa. Don sauƙaƙa wannan ne aka fito da titir mai suna Sheda a 2006. Duk da haka fili ɗaya mai takarda biyu, ko gidan gado da ɗaya daga cikin magada ya sayar ba da sanin sauran ba, ba baƙon labari ba ne a kotuna. Mai binciken dosiye sai ya san hanyar ofishin ajiyar takardun filaye, ya san abin da ake tambayar notar da mai awon fili, ya iya karanta bayan titir ya ga ko an riga an jinginar da shi ga wani.

Akwai wani sashe na dokar 2010 da ya kamata kowane ɗan kasuwa ya sani kafin ya sa hannu. Doka ta yarda a rubuta cikin yarjejeniyar jingina cewa in mai bashi ya kasa biya, banki zai mallaki ginin ba tare da an bi doguwar hanyar gwanjo ba, muddin mai jinginar kamfani ne ko ɗan kasuwa mai rajista, kuma ginin ba na kwana ba ne. Wato jerin shagunan Alhaji sun faɗa ciki tsaf. Doka ta kuma ce a irin wannan hali dole gwani ya ƙiyasta darajar ginin, in darajar ta fi bashin, banki ya biya mai gini bambancin. Ashe ke nan alƙalamin mai ƙiyasi shi ke yanke ko Alhaji zai fita da miliyan 50 a hannu ko zai fita hannu wofi. Ta ɓangaren haya kuma, dokar kasuwanci ta OHADA ta ba ɗan hayar shago da ya yi shekara 2 yana sana'arsa a wurin, yana cika sharuɗɗa, haƙƙin a sabunta masa yarjejeniya, mai gini da ya ƙi sabuntawa ba da hujjar da doka ta sani ba sai ya biya diyya. Duk wanda ya ƙiyasta gini bisa zaton za a kori tsofaffin ƴan haya gobe a ninka kuɗi, bai karanta wannan ba.

To, takardun fa?

Bayan an san aikin, sai maganar difloma ta samu ma'ana, domin kowace takarda akwai ƙofar da take buɗewa.

Ga mai son ya zauna cikin banki a yankin UEMOA, hanyar da aka fi sani ita ce digiri na biyu a fannin kuɗi ko binciken lissafi. Makarantar CESAG ta Dakar, wadda aka kafa a 1985 kuma take ƙarƙashin kulawar babban bankin BCEAO, ta daɗe tana yaye irin waɗannan. Cibiyar COFEB ta shi BCEAO, ita ma a Dakar tun 1977, tana horar da ma'aikatan bankuna da na ma'aikatun kuɗi, saboda haka ta fi kusa da ma'aikacin baitulmali ko na ma'aikatar lanho. Wanda ya riga ya shiga banki kuwa yakan bi karatun ITB yana aiki yana karatu.

Ga mai son sa hannunsa ya zama hujja a gaban banki da kotu, hanyar ƙwararren kwantabul ce. Tun shekarar 2000 ƙasashen UEMOA suka kafa diflomarsu ta bai ɗaya mai suna DECOFI: a ci jarrabawar DESCOGEF, a yi shekara 3 ana koyon aiki a kabine, sannan a zauna ta ƙarshe. Ta Faransa, DCG da DSCG da DEC, tsarinta kusan ɗaya ne. Bayan haka sai rajista a ƙungiyar ONECCA, wadda dokar 2003 ta kafa a Nijar. Hanya ce mai tsawo, shekara 8 ko fiye bayan bak, amma wanda ya bi ta ba ya rasa aiki, musamman tun da sabon tsarin lissafi na SYSCOHADA ya soma aiki ranar 1 ga Janairu 2018.

Akwai kuma takardu biyu na ƙasashen Ingilishi da matasa ke yawan ambata. Ta farko sunanta CFA, kuma ba ta haɗa komai da kuɗin aljihu ba sai haruffa. Wata cibiya ce a jihar Bajiniya ta Amurka ke bayar da ita tun 1963: jarrabawa hawa uku, da Ingilishi zalla, kowane hawa ana ba da shawarar karatun sa'a 300, sannan sai mutum ya nuna sa'a 4.000 na aiki cikin aƙalla wata 36. Tana koyar da ƙiyasin hannun jari da takardun bashi sosai, gini kuwa ƙaramin sashe ne a cikinta. Tana da amfani ga mai hangen bankin BOAD a Lome, ko Bankin Raya Afirka da kasuwar hannun jari ta BRVM a Abijan. Ta biyu ita ce ta ƙungiyar RICS, wadda aka kafa a Landan a 1868, ita ce ta masu ƙiyasin gini da filaye kai tsaye. Mai digirin da ƙungiyar ta yarda da shi yakan yi wata 24 yana aiki ƙarƙashin wanda ya riga shi, sannan a zaunar da shi a yi masa tambayoyi baki da baki. Masu zuba jari na waje da ke gina otal ko babban kanti sukan nemi sa hannun ɗan wannan ƙungiya. Sai dai babu ɗaya cikin takardun nan biyu da za ta koya wa mutum bambancin akt-da-sesiyon da titir-fonsiye, ko nawa ake hayar shago a kusa da babbar kasuwar Maraɗi da nawa ake yi a bayan gari.

Kada kuma a raina na gida. Makarantun IUT da aka buɗe a jihohi sun raba fannonin nan tsakaninsu: Maraɗi ta ɗauki aikin gini, Tawa ta ɗauki lissafi da tafiyar da kamfanoni, Damagaram ta ɗauki tsarin ƙasa da birane. Yaron da ya fito ɗaya daga cikinsu ya yi shekara uku a ofishin notar, ko wajen mai awon fili, ko a sashen karɓo bashi na banki, sau da yawa ya fi mai digiri biyu na waje sanin inda dosiye ke ruɓewa. Uban da ke shirin sayar da fili don ya tura ɗansa Turai ya yi wannan tunani tukuna: in an soma da aikin, an fi sanin takardar da za a nema daga baya.

Wani fage da ke buɗe shi ne na ƴan kasuwar da ba su taɓa kuɗin ruwa. Da yawa daga cikin manyan masu gine-gine na Maraɗi da Damagaram da kuɗin hannunsu suke yi saboda wannan dalili, shi ya sa ake ganin bene ya tsaya rabi shekara da shekaru. Bankin Musulunci na Nijar yana nan, BCEAO kuma ya fitar da ƙa'idojin wannan harka a 2018. Tsarin ijara, inda banki ke mallakar gini ya bayar haya har a gama biya, da na istisna'i, inda ake ba da kwangilar ginawa a biya daga baya, duk sun dace da gini. Ƙasar Senegal ma da ta ci bashin sukuk na biliyan 100 a 2014, gine-ginen gwamnati ta aza a ƙarƙashinsa. Wanda ya haɗa ilimin fiƙihun ciniki da lissafin haya yana da kasuwar da ba ta cika da mutane ba.

Ga ma'aikaci mai shirin tashi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ma'aikacin gwamnati da ke tunanin wannan ƙaura ya san cewa dokar aiki ta bambanta tsakanin a tura mutum aro zuwa wata ma'aikata, inda ƙarin girmansa da lissafin fanshonsa ke ci gaba, da hutun dispo, inda albashi da ƙarin girma ke tsayawa har ya dawo. Murabus kuwa ƙofa ce da ba a komawa ta cikinta. Mai iyali goma a wuyansa da ya ajiye aiki bisa alkawarin baki na wani daraktan banki, ya jefa su cikin haɗari.

Ya kuma duba abin da ke hannunsa kafin ya nemi abin da babu. Wanda ya yi shekara goma a ofishin filaye ko kadastar ko sashen lanhon gini yana ɗauke da ilimin da banki ba ya samu a kasuwa. Abin da ya rage masa shi ne lissafin bashi da iya aiki da kwamfuta, kuma wannan karatun yamma na shekara ɗaya ko biyu yana isa. Kwansiltan da ya saba da foroje kuwa ya iya rubutu da tsara bayani da tsayawa gaban manya, abin da ya rasa shi ne sanin ƙasa da ɗaukar alhaki. Irin wannan sai ya yarda ya sauko mataki, ya karɓi kujerar mai binciken dosiye ƙarƙashin wanda ya girme wa, da albashin da bai kai pardiyam ɗin da ya saba ba. Da yawa a nan suke juyawa, domin wanda aka saba kira Mushe Kwansiltan a zauren otal ba ya jin daɗin a aike shi ƙirga shagunan da ke rufe a bayan tasha. Amma ƙirgan nan shi ne aikin.

Abu ɗaya ne bai halatta ba, ko da ana ganinsa: mutum yana zaune a kujerar gwamnati yana sa hannu kan takardun filaye da safe, da yamma kuma yana karɓar kuɗin shawara daga masu neman takardun. Wanda ya yi haka ya sayar da abin da zai ci da shi nan gaba, domin a wannan sana'a amana ita ce jari, kuma garuruwan ƙanana ne, labari ba ya kwana.

Ga mai gini

Shi kuma ɗan kasuwa da zai ɗauki mai ba shi shawara, kada allon ƙofa da jerin haruffan da ke bayan suna su ruɗe shi. Ya tambaye shi gine-gine nawa ya taɓa yi wa lissafi, ina suke, su wa ke ciki yanzu. Ya tambaye shi ko yana da rajista a wata ƙungiya da za a iya kai ƙararsa gare ta. Ya lura da yadda yake son a biya shi. Mai cewa a ba shi kashi kaza cikin bashin in ya fito, amfaninsa yana ga bashin ya yi yawa, kuma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski: zai kumbura haya a takarda, ya ɓoye lanho, ya ɗaga darajar fili, ya karɓi rabonsa ranar da kuɗi suka fito, ya bar mai gini da banki suna kallon juna shekara bakwai. Gara a biya mutum ladan aikinsa tsayayye, ko bashi ya fito ko bai fito ba, don ya samu bakin cewa kada a ci.

Mai gini ya kuma nemi a karanta masa yarjejeniyar jingina layi-layi a gaban notar, a fassara masa da Hausa, musamman wurin da aka yi maganar mallakar gini in biya ya gagara, da wanda zai zaɓi mai ƙiyasi a ranar. Wannan haƙƙinsa ne, kuma rabin yini kawai zai ci. Matasan da ke neman shiga sana'ar su ma su lura da wannan gurbi: tsakanin bankin da ke rubutu da faransancin lauyoyi da Alhajin da ke lissafi da dala, akwai wurin zama ga duk wanda ya ji harsunan biyu kuma ya ƙi yi wa kowane ɓangare ƙarya.